Wanda Ya Shata Hanya: Zurmi, Ƙaura Namoda da Shafin Farko na Google

A shekarar 1824, a tafiyarsa tsakanin Kano da Sakkwato inda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya ratsa ta Zurmi. Bayan shekara 29, a 1853, Bajamushe Heinrich Barth ya taso daga Katsina zai je wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, shi ma ta Zurmi ya bi, ya wuce Badarawa a ƙasar Shinkafi ta yau, ya kai Isa, sannan ya faɗa dajin Gundumi. Ba sha'awar ganin Zurmi ce ta kai su ba. Can hanya take. Fatake da manzannin sarakuna da masu jakuna duk nan suke bi, kuma duk garin da hanya ta ratsa, mai fura da mai masauki da dillali da maƙeri ba sa rasa abin kai wa baka.

Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. A 1929 aka kammala reshen da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura Namoda. Nan dogo ya ƙare, bai ƙarasa Sakkwato ba har yau. Gyaɗa da audugar arewacin Zamfara, da na ƙasashen da ke bayanta, sai suka koma gangarowa Ƙaura, domin nan ne bakin jirgi. Kamfanonin Turawa suka kafa rumfunan awo, baƙi daga kudu suka zo suka zauna, garin da Namoda ya kafa a zamanin jihadi ya zama tashar ciniki. Zurmi kuwa tana nan inda take, da sarautarta da ganuwarta da tarihinta, amma ƙafa ta ragu.

Ita ma Ƙaura ba ta dawwama a kan gaba ba. Manyan motoci suka ƙwace kaya daga hannun jirgi, fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka karya cinikin da ya raya tashar, babban titin Zariya zuwa Sakkwato kuma ya bi ta Gusau da Talatar Mafara, ya bar Ƙaura a gefe. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Gusau aka ba hedikwata. A duk waɗannan sauye-sauye, ba wanda zai ce mutanen Zurmi sun yi lalaci a 1929, ko na Ƙaura sun yi sakaci a 1975. Wani ne a wani ofis mai nisa ya ja layi a kan taswira, bisa dalilan da suka dame shi, ba dalilan da suka dame su ba.

Na kawo wannan tarihi ne saboda duk mai shafin intanet a yau yana zaune ne a bakin irin wannan hanya. Abincinsa ƙafa ce, wato yawan masu leƙo shafinsa, kuma mafi yawan wannan ƙafa daga bincike take zuwa. Kusan tara cikin goma na binciken da ake yi a intanet a duniya ta Google ake yin sa. Mutum ya rubuta tambaya, a jero masa amsoshi, ya taɓa na farko ko na biyu ko na uku, da wuya ya ƙetara zuwa shafi na biyu. Ƙa'idar da ke yanke hukuncin wanda zai zo na farko da wanda zai zo na arba'in ita ce dogon wannan zamani, kuma tana da nata tarihin, mai shekaru da sunaye da waɗanda ta ɗaukaka da waɗanda ta kassara.

Kafin Google, hanyoyi biyu ne. Yahoo, wadda aka fara a 1994, mutane take sakawa su tsara shafuka hannu da hannu, kamar ma'aikacin ɗakin karatu. Injuna irin su AltaVista kuwa sun fi dogara da kalmomin da ke cikin shafin kansa. Nan da nan masu wayo suka gano lagonsu: sai mutum ya maimaita kalma ɗaya sau ɗari a ƙasan shafinsa da farin rubutu a kan farin bango, idon mutum ba ya gani, inji kuwa yana ƙirgawa. Larry Page da Sergey Brin, ɗaliban Jami'ar Stanford da suka kafa kamfanin Google a watan Satumba na 1998, sun zo da wata dabara da suka aro daga al'adar malaman jami'a. A can, darajar maƙala tana ga yawan maƙalolin da suka ambace ta. Suka ce haka za a auna shafi: a ƙirga shafukan da suka liƙa mahaɗi zuwa gare shi, kuma ambaton babban shafi ya fi na ƙarami nauyi. Suka sa wa ma'aunin suna PageRank.

Dabara ce mai kyau, kuma ta gyara bincike ƙwarai. Sai dai tun daga tushenta tana da wani hali da ya shafe mu kai tsaye. Wanda aka riga aka sani shi ake ambata, wanda ake ambata kuma shi ake ƙara sani. Harshen da ke da miliyoyin shafuka masu ambaton juna yana da tsani mai matakai da yawa. Harshen da shafukansa ba su da yawa, kowa na tsaye shi kaɗai, tsaninsa gajere ne. Akwai kuma wani abu da Zurmi ta ɗanɗana tun kafin a san kwamfuta. A littafin tafiyarsa da aka buga a Landan a 1826, Clapperton ya kawo abin da aka gaya masa, wai garin mafakar ɓarayi ne da bayin da suka gudu. Baƙo ne da ya kwana biyu ya wuce, ya ji daga bakin abokan tafiya, amma da yake nasa ne aka buga, nasa aka yi ta kwafa. Ma'aunin da ke ƙirga ambato ba ya tambayar ko mai maganar ya san garin. Yana tambayar mutum nawa suka maimaita.

Da ƙafa ta zama kuɗi, sai sana'a ta tsiro a kanta, wadda ake kira SEO a taƙaice: gyara shafi da kalmominsa da mahaɗansa don ya hau saman jere. Wani ɓangarenta halal ne tsantsa, kamar ɗan kasuwa ya share gaban rumfarsa ya rubuta allo mai kyau. Wani ɓangaren kuwa algus ne: sayen mahaɗai, da kafa shafukan bogi ɗari don su yabi guda ɗaya. A watan Nuwamba na 2003 Google ta yi babban sauyinta na farko da ya girgiza kasuwa, wanda masu sana'ar suka raɗa wa suna Florida. Ya faɗo ana dab da cinikin Kirsimeti, ƙananan 'yan kasuwa da yawa a Amurka suka wayi gari shafukansu sun ɓace daga inda suka saba zama, ba sanarwa, ba wurin kai ƙara. Manya ma ba su tsira ba: a 2006 an cire shafin kamfanin motoci na BMW na Jamus daga bincike na ɗan lokaci saboda ya ɓoye shafukan yaudarar inji.

A lokacin da ake wannan dambarwa, mu nan muna fama ne da samun layi. Wayar salula ta GSM a 2001 ta shigo Najeriya, kuma ta ɗauki shekaru kafin intanet ta bar shagunan kafe na manyan birane ta shiga aljihun ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa tun 1983. Da ta iso, matasa suka buɗe shafuka kyauta a Blogger da WordPress, suka tarar da wani shinge da ba a cika magana a kansa ba. AdSense, tsarin tallan da Google ta fito da shi a 2003, wanda shi ne ke mayar da ƙafa ta zama kuɗi ga ƙaramin mai shafi, yana da jerin harsunan da ya amince da su, kuma shekara da shekaru Hausa ba ta cikin jerin. Wanda ya zauna ya rubuta tarihin Alibawa da Hausa mai kyau ba shi da hanyar samun ko kwabo daga gare shi. Wanda ya cika shafinsa da Turanci gauraye da sunayen mawaƙa da 'yan fim, ya sa mahaɗin sauke waƙa, shi yana da hanya. Idan mai karatu ya taɓa mamakin me ya sa ƙananan shafukan Hausa da yawa suka yi kama da juna, to ga ɗaya daga cikin dalilan. Mai rumfa inda masu saye suke bi yake fuskanta.

Shekarar 2011 ita ce 1929 ta wannan tarihi. A Amurka an samu kamfanoni da suka mayar da rubutu masana'anta. Mafi shahara shi ne Demand Media, mai shafin eHow: inji ne ke duba abin da mutane ke yawan tambaya, a ba marubuci 'yan daloli ya cike gurbin da sakin layi huɗu ko biyar marasa zurfi, a liƙa talla. A watan Janairu na 2011 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari da darajar da ta haura dala biliyan ɗaya. A watan Fabrairu Google ta saki sauyin da aka sa wa suna Panda, sunan wani injiniyanta, Navneet Panda, ta ce ya taɓa kusan kashi 12 cikin ɗari na binciken da ake yi a Amurka. Manufarsa danne shafuka masu holoƙon rubutu da masu kwafar na wasu. Kafin shekarar ta ƙare hannun jarin Demand Media ya faɗi warwas, bai kuma sake komawa inda yake ba. A watan Agusta aka faɗaɗa Panda zuwa kusan dukkan harsuna. A watan Afrilu na 2012 aka biyo da Penguin, wanda ya bi sawun masu sayen mahaɗai.

Ba na cikin masu kuka da Panda. Mai kwafar labarin Sashen Hausa na BBC ko na Aminiya kalma da kalma, ya canja kanu kawai, ya sa "Da ɗumi-ɗumi" a gaba, bai cancanci ya zo gaban wanda ya aika wakili ba. Sauyin da ya fi shafar arewacin Zamfara wani ne daban, wanda bai yi suna kamar Panda ba.

A watan Nuwamba na wannan shekara ta 2011, Google ta sanar da cewa za ta ƙara fifita sabon abu a kan tsoho, kuma sauyin zai taɓa kusan kashi 35 cikin ɗari na bincike. Tunanin da ke bayansa ba shi da aibi. Wanda ya nemi sakamakon zaɓe ko na wasan ƙwallo, na jiya yake so, ba na shekara huɗu da suka wuce ba. Yadda inji ke gane cewa wata kalma tana buƙatar sabon labari shi ne ya ga an yi ta rubutu a kanta farat ɗaya, mutane kuma sun yi ta nemanta. Daga nan sai ya ɗauki kalmar a matsayin labari mai gudana, ya tura sababbin rahotanni sama, tsofaffin shafuka su gangara.

To, sai aka yi rashin sa'a wannan sauyi ya zo daidai da shekarun da matsalar 'yan bindiga ta fara kankama a Zamfara. Sunan gari kamar Kano yana da rubutu iri-iri a kansa kullum: kasuwa, siyasa, fim, jami'a, sarauta. Mummunan labari ɗaya yana shiga cikin dubu ya narke. Shinkafi da Zurmi ba su da wannan tarin. Jaridun Legas da Abuja ba sa ambatonsu sai an kai hari, kuma duk ambaton yana zuwa ne a dunƙule, rahoto ashirin a yini ɗaya, wato daidai alamar da inji ke jira. Mai karatu ya gwada da kansa: ya rubuta sunan ɗaya daga cikin garuruwan nan, ya ga abin da zai fara tarar da shi, sannan ya duba nisan da zai yi kafin ya iske wani abu a kan kasuwar Alhamis ta Shinkafi, wadda 'yan kasuwa daga Jamhuriyar Nijar da kudancin Najeriya suka daɗe suna ci. Hare-haren gaskiya ne, ba wanda ya ƙirƙire su, kuma ba na so a ɓoye su. Abin da nake nunawa shi ne jeren ya rufe sauran gaskiyar. Jami'in da zai tura malami ko likita, da ɗan kasuwar da zai aika kaya, da ɗalibar da aka ba gurbin karatu a Ƙaura, duk wannan shafi na farko suke karantawa kafin su yanke shawara.

Sauyin 21 ga Afrilu, 2015, wanda ya fifita shafukan da ke buɗewa da kyau a waya, bai yi mana illa ba, domin mu da ma da waya muka shiga intanet. Wanda ya yi ciwo daga wani gida ya fito. Marubutan Hausa da yawa, da suka ga bincike ba ya kawo musu mutane, sun tattara sun koma Facebook, suna jawo masu karatu daga can zuwa shafukansu. A watan Janairu na 2018 Mark Zuckerberg ya sanar da cewa za a rage nuna abin da kafafen labarai da kamfanoni suka wallafa, a ƙara nuna na dangi da abokai. A wata mai bi, wani shafin Amurka mai suna LittleThings, wanda ya gina kansa kacokan a kan ƙafar Facebook, ya rufe, ya kuma ɗora laifin a kan wannan sauyi. Wanda ya gudu daga wani dogo ya koma wani, ya tarar shi ma mai shi ne ke juya shi.

Daga 2018 Google ta ƙara karkata ga abin da take kira ƙwarewa da cancanta da amana, musamman a batutuwan da suka shafi lafiya da dukiya da tsaron rai. Babban sauyin watan Agusta na wannan shekara ya kwantar da shafukan magani da yawa da ba likita a bayansu, kuma duk wanda ya ga irin maganin ƙarya da ake tallatawa da Hausa zai yi fatan an yi fiye da haka. A watan Satumba na 2019 kamfanin ya ƙara da cewa zai ɗaukaka rahoton asali, wato na wanda ya fara tono labari. A takarda, wannan ya kamata ya taimaki ɗan jaridar da ke zaune a Ƙaura ko Shinkafi. A aikace, duk wanda ya yi aikin jarida a Arewa ya san yadda labarin ƙauye ke tafiya. Wani mazaunin gari ne zai buga waya, ko ya aika saƙon murya, ko ya rubuta layi uku a Facebook. Wakili a Gusau ya ɗauka, edita a Abuja ya gyara, a wallafa da Turanci a shafin da ke da mahaɗai dubbai. A idon inji, asalin labarin yana Abuja. Inji ba ya ganin kiran waya, kuma ba ya shiga WhatsApp.

Akwai kuma ƙaramar matsala da ke cin mu a ɓoye, ta haruffa masu lanƙwasa. Gari ɗaya ne, amma ana rubuta shi Kaura Namoda, da Ƙaura Namoda, da Kauran Namoda, wasu ma K'aura. Mai bincike a waya yawanci ba ya wahalar da kansa neman ƙ ko ɗ ko ɓ. Marubucin da ke son a same shi sai ya shiga tsaka mai wuya: ya rubuta daidai ya yi kasadar kada a haɗa shi da mai nema, ko ya zubar da lanƙwasa ya bi jama'a. Da yawa sun zaɓi na biyu, har ya zama ba a bambanta "ƙafa" da "kafa" a kanun labarai. Ƙa'idar rubutun da aka yi ta gini tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939, tana zaizayewa ba don wani ya yi mata gardama ba, sai don tsoron kada a rasa ƙafa.

Sai kuma aka zo watan Satumba na 2021, lokacin da hanyar ta yanke baki ɗaya. Bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe dukkan turakunsu a Jihar Zamfara daga 3 ga wata, da farko na mako biyu, don sojoji su samu sararin aiki. A daidai lokacin an rufe kasuwannin mako, an hana safarar dabbobi da sayar da fetur a jarka. Mako biyun ya wuce ba a buɗe ba. Gusau ta samu layi a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai da suka ƙara makonni masu yawa a duhu. Mutane suka riƙa hawa mota zuwa Funtuwa ko wani gari na maƙwabta don kawai su buga waya ko su tura kuɗi.

An yi rubutu sosai a kan abin da wannan ya jawo wa ciniki da asibiti da tsaro. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne abin da ya jawo wa rumbun rubutu. A cikin watannin da duniya ta fi neman sunayen Shinkafi da Zurmi da Ƙaura, mazaunansu ba su da ikon ƙara ko jimla ɗaya daga gidajensu. Duk abin da aka rubuta a kansu daga waje aka rubuta shi, daga sanarwar gwamnati da ta jami'an tsaro da bakin waɗanda suka tsere. Waɗannan rahotanni su suka tara ambato, su suka samu mahaɗai, su ne kuma ke nan har yau. Ƙaramin shafin da ya yi wata biyu ko uku shiru kuwa, masu karatunsa sun watse, kuma dawo da su ya fi tara su wuya.

A watan Agusta na 2022 Google ta fito da wani tsari da ta ce zai fifita rubutun da aka yi don mutane a kan wanda aka yi don inji, ta faɗaɗa shi zuwa dukkan harsuna a watan Disamba. Zagayensa na Satumba 2023 da babban sauyin Maris 2024 sun yi wa ƙananan shafuka masu zaman kansu mummunar ɓarna. HouseFresh, wani ƙaramin shafi da ke sayen na'urorin tace iska yana gwada su da kansa, ya bayyana cewa ya rasa fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙafar da Google ke kawo masa, yayin da manyan mujallu da ba su gwada komai ba suka haye samansa. Kamfanin ya ce burinsa rage tarkacen da ake ƙerawa da yawa da inji. Tarkacen kuwa akwai shi, har da Hausa. Tun da aka sa Hausa a manhajar fassara ta Google a watan Disamba na 2013, kowa na iya zuba shafi dubu na Turanci ya kwashe su da wata irin Hausa da ba a taɓa jin ta a bakin mutum ba. Ko matatar da aka saka tana iya bambanta wannan da Hausar malamin makaranta a Zurmi, tambaya ce da ta cancanci a yi wa kamfanin, domin irin waɗannan injuna daga tarin rubutu suke koyo, tarin Hausa kuwa kaɗan ne, wani kasonsa ma daga fassarar inji ya fito.

Adalci ya sa a ce galibin waɗannan sauye-sauye martani ne ga masu algus, kuma ba don su ba da bincike ya zama juji. Ban yarda da masu cewa akwai wata maƙarƙashiya da aka ƙulla wa Arewa ko Hausa ba. Wanda ke ƙulla maka sharri aƙalla ya san da zamanka. A nan ne ma kwatancen dogo ya gaza. Dogo sau ɗaya aka shimfiɗa shi, kowa na ganin inda ya bi, ɗan kasuwar Zurmi yana iya ɗaure kayansa ya koma Ƙaura ya san shekara talatin zai yi a can. Google da bakinta tana cewa tana yin dubban gyare-gyare a shekara, ba ta bayyana ma'auninta, kuma shawararta ga wanda ya faɗo kusan kullum ɗaya ce: ya ci gaba da rubutu mai amfani, ya jira. Mai jari zai iya jira. Matashin da ke sayen data daga kuɗin tallan watan jiya ba zai iya ba.

A watan Mayu na 2024 aka shiga wani sabon babi, da Google ta fara ɗora amsar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa a saman sakamako a Amurka, ta kuma kai shi ƙasashe fiye da ɗari kafin ƙarshen shekarar. Yanzu inji ne ke karanta shafukan, ya taƙaita, mai tambaya ya karanta ya tafi. Cibiyar bincike ta Pew a Amurka ta bi sawun masu amfani a 2025, ta samu cewa idan akwai irin wannan taƙaitawa, a kashi 8 cikin ɗari na ziyara ne kawai ake taɓa wani mahaɗi na sakamakon, idan babu kuwa kashi 15. Ga mai shafi, wannan kamar jirgi ne ya ci gaba da ɗaukar gyaɗarsa amma ya daina sauke fasinja. Ga gari kamar Zurmi kuwa, taƙaitawar daga abin da aka riga aka rubuta ake tatso ta, kuma mun ga waɗanda suka rubuta shi da lokacin da suka rubuta.

A watan Agusta na 2024 wani alƙalin tarayya a Washington, Amit Mehta, ya yanke hukuncin cewa Google ta riƙe kasuwar bincike ta haramtacciyar hanya. A zaman shari'ar an bayyana cewa a shekarar 2021 kaɗai, shekarar da aka kashe turakun Zamfara, kamfanin ya biya dala biliyan 26.3 ga masu ƙera waya da manhajojin shiga intanet don ya zama shi ne injin da mutum zai tarar ba tare da ya zaɓa ba. A watan Satumba na 2025 alƙalin ya faɗi matakan gyara: ya hana yarjejeniyar da ke toshe wa abokan gasa ƙofa, ya umarci a ba su wasu bayanai, amma ya ƙi tilasta wa kamfanin sayar da manhajar Chrome. Shari'ar ta tsaya ne a kan wanda ya mallaki hanyar da yadda ya mallake ta. Batun wane shafi zai zo na farko idan aka rubuta "Shinkafi" yana nan a hannun kamfanin.